Shin Sanata Bernie Sanders mai kare talaka ne da gaske? Abin da ƙuri'unsa suka nuna a kan lafiya da ƙwadago

Tambaya

Ina yawan ganin bidiyon wani dattijon sanatan Amurka mai suna Bernie Sanders yana caccakar attajirai da kamfanonin magani, yana cewa ya kamata kowa ya samu magani ba tare da an tambaye shi kuɗi a asibiti ba, kuma a ƙara wa ma'aikata albashi. 'Yan'uwanmu mazauna can sun rabu biyu a kansa. Wasu na cewa shi kaɗai ne mai gaskiya a majalisa, wasu kuma na cewa surutu ne kawai, ya fi shekara talatin a kan kujera bai tsinana komai ba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah.

Amsar a taƙaice ita ce: kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya. Ƙuri'un Sanders a kan lafiya da ƙwadago sun tafi a kan turba ɗaya tun daga 1991, kuma da wuya ka samu inda ya faɗi abu ya kaɗa ƙuri'a a kan akasinsa. Amma manyan buƙatunsa biyu, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga kowa da ƙarin mafi ƙarancin albashi na ƙasa, babu wanda ya zama doka. Abin da ya samu ya same shi ne a gutsure, ta hanyar cusa wani sashe a cikin dokar wasu, ko ta matsa wa kamfanoni lamba a bainar jama'a. Ga bayanin dalla-dalla.

Na farko: wane ne shi, kuma me sanata ɗaya zai iya?

An haifi Sanders a unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1941. Ya yi magajin garin Burlington a jihar Vermont daga 1981 zuwa 1989, ya zauna a Majalisar Wakilai daga 1991 zuwa 2007, sannan ya shiga Majalisar Dattawa, inda yake har yanzu bayan an sake zaɓensa a 2012 da 2018 da 2024. Ba shi da jam'iyya, amma a majalisa yana zama tare da 'yan Democrat, kuma a ƙarƙashinsu ya nemi takarar shugaban ƙasa sau biyu, a 2016 da 2020, bai samu ba. Daga 2023 zuwa farkon 2025 shi ne shugaban kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da lafiya da ilimi da ƙwadago da fansho.

Ka sani, ya ɗan'uwa, sanatocin Amurka 100 ne, kowace jiha biyu. Yawancin ƙudirorin doka ba sa kaiwa ga ƙuri'ar ƙarshe sai sanatoci 60 sun yarda a rufe muhawara. Ke nan ko da mutum 55 na goyon bayan abu, yana iya mutuwa. Ka riƙe wannan adadi na 60, domin za ka yi ta cin karo da shi a ƙasa. Saboda haka idan za ka auna ɗan majalisa, ka raba abu uku: abin da yake faɗa, yadda yake kaɗa ƙuri'a, da abin da ya tabbata a hannun mutane.

Na biyu: matsalar da yake magana a kai

Amurka ba ta da tsarin lafiya ɗaya da ya haɗa kowa. Mutum sama da miliyan 150 na samun inshorar lafiya ta wurin aikinsu, wanda ke nufin idan aiki ya tafi, inshora ma tana iya tafiya. Gwamnati na ɗaukar nauyin waɗanda suka kai shekara 65 ta shirin Medicare, da marasa ƙarfi ta shirin Medicaid, dukansu an kafa su ne a 1965. Duk da haka a 2023 kimanin mutum miliyan 26 ba su da inshora ko kaɗan, alhali a wannan shekarar ƙasar ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, fiye da kashi 17 cikin 100 na tattalin arzikinta. Ko mai inshora ma, yana biyan kuɗin wata-wata, sannan ya biya wani kaso daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biya.

Hujjar Sanders ita ce: ƙasar da ke kashe wannan dukiya, kuma ta bar miliyoyi ba magani, tsarinta ne ya lalace, kuma faci ba zai gyara shi ba.

Na uku: abin da ya nema bai samu ba

Shirinsa shi ne wanda ake kira Medicare ga Kowa: gwamnatin tarayya ta zama mai biya ita kaɗai, ta tara kuɗin ta hanyar haraji, duk mazaunin ƙasar ya je asibiti ba a karɓi kuɗinsa ba, har da haƙori da ido da kunne, kuma a hana kamfanonin inshora sayar da abin da gwamnati ke bayarwa. Tun a 1993 ya sa hannu a ƙudiri irin wannan a Majalisar Wakilai.

A Disambar 2009 ya gabatar da shi a zauren Majalisar Dattawa a matsayin gyara ga dokar lafiya ta Shugaba Obama. Sanata Tom Coburn na Republican ya nace sai akawun majalisa ya karanta takardar baki ɗaya, shafi 767. Bayan an shafe kusan awa uku ana karatu, Sanders ya janye. A 2013 ya sake kawo ƙudirin, ba sanata ko ɗaya da ya sa hannu tare da shi. A Satumbar 2017, bayan takararsa ta farko, sanatoci 16 suka sa hannu, ciki har da Kamala Harris da Elizabeth Warren. Wannan ci-gaba ne a fagen ra'ayi, amma ƙudirin bai taɓa zama doka ba, kuma 16 tana nesa da 60.

Na huɗu: inda ya karɓi kaɗan da ya rasa da yawa

A nan ne masu cewa surutu ne kawai suka yi kuskure. Da aka zo ƙuri'ar dokar lafiya ta Obama a Disambar 2009, 'yan Democrat na buƙatar ƙuri'a 60 cif, babu rarar ko ɗaya. Sanders ya soki dokar saboda ta bar kamfanonin inshora a tsakiya, amma ya ba ta ƙuri'arsa, ya kuma yi amfani da damar ya sa aka ware wa ƙananan asibitocin unguwa kuɗin da a ƙarshe ya kai dala biliyan 11 cikin shekara biyar. Waɗannan asibitoci suna karɓar kuɗi daidai ƙarfin mutum, ba sa korar wanda ba shi da inshora, kuma yanzu suna duba mutum sama da miliyan 30 a shekara. Baƙi da yawa masu ƙaramin ƙarfi, kamar 'yan Afirka ta Yamma mazauna unguwar Bronx, su ne madogararsu.

A 2014, yana shugaban kwamitin tsofaffin sojoji, ya zauna da John McCain na Republican suka fitar da doka ta kimanin dala biliyan 16 bayan abin kunyar da ya fito na jinkirin ganin likita a asibitocin tsofaffin sojoji. A cikinta ya yarda a riƙa tura wasu marasa lafiya asibitocin kuɗi, abin da bai so ba, domin ya samu kuɗin ɗaukar likitoci. A Yulin 2017 yana cikin 51 da suka kayar da yunƙurin rushe dokar Obama.

Haka ya yi a ranar 7 ga Agustan 2022 a kan dokar rage hauhawar farashi ta Shugaba Biden. Ya kawo gyare-gyare, aka kayar da su warwas. Wanda ya nemi a ƙara haƙori da ido da kunne a Medicare ƙuri'a 3 kacal ya samu. Duk da haka ya zaɓi dokar, aka yi 50 da 50, mataimakiyar shugaban ƙasa ta raba gardama. Da ya yi fushi ya ƙi, da dokar ta faɗi. Ita ce ta ƙayyade wa tsofaffi masu Medicare kuɗin allurar insulin a dala 35 a wata, ta sa iyakar dala 2,000 a shekara ga abin da za su biya na magani daga 2025, ta kuma ba shirin Medicare ikon yin ciniki da kamfanoni a kan farashin wasu magunguna a karon farko.

A Yulin 2025 ya ƙi amincewa da babbar dokar haraji ta Shugaba Trump, wadda ta rage wa Medicaid sama da dala biliyan 900 cikin shekara goma. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa, wanda ba ya bin jam'iyya, ya ƙiyasta cewa za ta ƙara marasa inshora da kimanin miliyan 10 zuwa 2034. Dokar ta wuce da ƙuri'a 51 da 50.

Na biyar: farashin magani

A 1999 Sanders ya ɗauki mata masu fama da sankarar mama a mota ya tsallaka da su Kanada, suka sayi maganin tamoxifen a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashinsa a Amurka. A 2019 ya maimaita da masu ciwon sukari. A Janairun 2017, gyaran da ya kawo tare da Sanata Amy Klobuchar domin a ba da damar shigo da magani daga Kanada ya faɗi da ƙuri'a 46 da 52, kuma 'yan Democrat 13 na cikin waɗanda suka ƙi.

Da ya zama shugaban kwamiti, sai ya koma kiran shugabannin kamfanoni su amsa tambayoyi a gaban kyamara. A Mayun 2023 ya zaunar da shugabannin Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, manyan masu yin insulin. A Janairun 2024 ya fara bincike a kan farashin abin shaƙa na masu asma, kuma a watan Maris kamfanoni uku, Boehringer Ingelheim da AstraZeneca da GSK, suka sanar da iyakar dala 35 a wata ga yawancin masu saye.

Sai dai adalci ya sa a faɗa maka cewa ba shi kaɗai ya jawo wannan ba. Kamfanonin insulin sun riga sun sanar da ragin kashi 70 zuwa 78 cikin 100 tun a watan Maris na 2023, kafin zaman kwamitin, kuma wani sauyi a dokar Medicaid da zai fara aiki a 2024 zai sa su biya gwamnati maƙudan kuɗi in ba su rage ba. Sannan ragin da kamfani ya yi don raɗin kansa, yana iya janye shi ranar da ya ga dama.

Na shida: mafi ƙarancin albashi

Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun Yulin 2009. Wanda ya yi awa 40 a mako duk shekara zai tashi da dala 15,080 kafin haraji. Kada ka juya wannan kuɗi zuwa naira ko sefa ka ce ai mai arziki ne. Kuɗin haya kaɗai a manyan biranen ƙasar ya fi haka.

Sanders ya gabatar da ƙudirin dala 15 a 2015, lokacin da manyan jam'iyyar Democrat ke ganin abin ya yi yawa. A ranar 5 ga Maris 2021 ya tilasta aka kaɗa ƙuri'a a kan saka shi cikin dokar tallafin korona. Ya samu 42, aka ƙi da 58, kuma takwas daga cikin masu ƙi na ɓangarensa ne, ciki har da Joe Manchin da Kyrsten Sinema. A 2023 ya ɗaga buƙatar zuwa dala 17.

Masu adawa ba su rasa hujja ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta a Fabrairun 2021 cewa dala 15 za ta ƙara wa mutum miliyan 17 albashi, ta fitar da 900,000 daga talauci, amma ta jawo asarar ayyuka kimanin miliyan 1.4. Masana tattalin arziki sun yi saɓani a kan adadi na ƙarshe, kuma wajibi ne mai neman gaskiya ya san da shi.

Inda abin ya yi tasiri shi ne wajen majalisa. Jihohi kusan 30 sun ɗaga nasu albashin sama da na tarayya, da yawa sun kai dala 15 ko sun wuce, kuma ma'aikatan gidajen abinci ne suka fara wannan fafutuka a New York a 2012, shi ya ɗauke ta ya kai ta fagen takarar shugaban ƙasa. A Satumbar 2018 ya gabatar da ƙudirin da zai sa manyan kamfanoni su biya gwamnati kuɗin tallafin abinci da magani da ma'aikatansu ke karɓa, ya raɗa masa sunan Jeff Bezos mai kamfanin Amazon. Ƙudirin bai je ko'ina ba, amma a farkon Oktoba Amazon ta sanar da dala 15 ga ma'aikatanta na Amurka, ko da yake ta soke wasu alawus da take ba su.

Na bakwai: ƙungiyoyin ƙwadago da cinikin ƙasa da ƙasa

A 1983 ma'aikaci ɗaya cikin biyar a Amurka na cikin ƙungiyar ƙwadago. Yanzu ɗaya ne cikin goma. Sanders na goyon bayan ƙudirin da zai sa tara mai nauyi a kan kamfanin da ya kori ma'aikaci don ya nemi kafa ƙungiya. Majalisar Wakilai ta amince da shi a 2020 da 2021, amma ya maƙale a Majalisar Dattawa. A Maris na 2023 ya sa Howard Schultz na kamfanin Starbucks ya bayyana gaban kwamitinsa a kan zargin murƙushe masu kafa ƙungiya. Schultz ya musanta karya doka, kuma har ƙarshen 2024 ma'aikatan ba su samu yarjejeniyarsu ta farko ba.

Misalin da ya fi fito da halinsa shi ne na ma'aikatan jirgin ƙasa a ƙarshen 2022. Ƙungiyoyi huɗu cikin goma sha biyu sun ƙi yarjejeniyar da ta ba su ƙarin kashi 24 cikin 100 a shekara biyar, saboda babu hutun jinya mai albashi a cikinta. Biden, wanda Sanders ke mara wa baya, ya roƙi majalisa ta tilasta yarjejeniyar don hana yajin aiki. Sanders ya nemi a ƙara kwana bakwai na jinya. Aka samu 52 da 43, aka gaza kai 60. Da aka zo tilasta yarjejeniyar, yana cikin 15 da suka ƙi, 80 suka amince. A 2023 yawancin ma'aikatan sun samu wasu kwanakin jinya ta hanyar ciniki da kamfanoninsu.

A kan ciniki kuwa, ya ƙi yarjejeniyar NAFTA da Kanada da Meksiko a 1993, ya ƙi buɗe wa ƙasar Sin kasuwa na dindindin a 2000, ya kuma kasance cikin goma da suka ƙi sabuwar yarjejeniyar da ta maye gurbin NAFTA a 2020. Biyun farko shugaban ƙasa ɗan Democrat, Bill Clinton, ne ya kawo su. Dalilinsa ɗaya ne: masana'antu za su bi arhar lebura su bar ma'aikatan gida.

Na takwas: abubuwan da masu yabonsa ba sa faɗa

Na ɗaya, kuɗi. Cibiyar Mercatus ta ƙiyasta a 2018 cewa Medicare ga Kowa zai ƙara wa gwamnatin tarayya kashe dala tiriliyan 32.6 cikin shekara goma. Magoya bayansa na amsawa da cewa yawancin kuɗin nan mutane na biyansa yanzu ga kamfanonin inshora, hanya ce kawai za ta sauya, kuma jimillar na iya raguwa. Amsar na da ƙarfi, amma tana nufin ƙarin haraji har a kan matsakaitan ma'aikata, abin da shi kansa ya amince da shi. Jiharsa ta Vermont ta gwada: ta yi doka a 2011, amma a Disambar 2014 Gwamna Peter Shumlin ya haƙura, domin lissafi ya nuna sai an sa wa masu ɗaukar ma'aikata harajin kashi 11.5 cikin 100 a kan albashi, da wani har zuwa kashi 9.5 a kan kuɗin shigar mutane. Sannan wasu ƙungiyoyin ƙwadago ma sun yi ɗari-ɗari da shirin, don ba sa son rasa inshorar da suka sha wahala kafin su samu.

Na biyu, baƙi. A 2007 ya ƙi babban ƙudirin gyaran dokar shige da fice, wanda da ya ba miliyoyin marasa takardu hanyar zama, yana mai cewa shirin shigo da leburori na wucin gadi zai karya albashi kuma ya bar su a hannun masu zalunci. A 2013 ya zaɓi makamancinsa. A ɗaya gefen, ya ƙi dokar 1996 da ta hana yawancin sababbin masu izinin zama samun Medicaid sai sun shekara biyar.

Na uku, wanda ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na Musulmi: a wurin Sanders zubar da ciki wani ɓangare ne na kula da lafiya. Ƙudirinsa na Medicare ga Kowa ya ƙunshi biyan kuɗinsa daga asusun gwamnati, kuma a 2022 sau biyu ya kaɗa ƙuri'ar goyon bayan ƙudirin da zai tabbatar da shi a dokar tarayya. Bai taɓa ɓoye wannan ba. Saboda haka wanda ya yaba masa a kan farashin magani, kada ya ɗauka cewa duk abin da ke cikin kundinsa na lafiya ya dace da abin da ya yi imani da shi.

A ƙarshe

Idan aka ce maka bai tsinana komai ba, ka ambaci asibitocin unguwa, da dokar tsofaffin sojoji, da ƙuri'unsa na 2009 da 2022 waɗanda ba don su ba da dokokin biyu ba su wuce ba. Idan aka ce maka ya ceci talakan Amurka, ka tuna cewa dala 7.25 tana nan inda take tun 2009, kuma miliyoyi na kwana ba inshora. Shi mutum ne da ya tsaya a kan magana ɗaya shekara da shekaru, ya ja jam'iyyar da yake zama da ita zuwa ga wasu ra'ayoyinsa, amma bai iya tara ƙuri'a 60 ba.

Kuma wannan ma'auni ka yi aiki da shi a kan kowane ɗan majalisa, na can ko na gida. Ƙuri'un Majalisar Dattawan Amurka a rubuce suke da sunan kowane sanata a shafinta na intanet, kowa na iya dubawa. Kafin ka tura bidiyon minti ɗaya ga 'yan'uwa, ka tambaya: wane ƙudiri ne, yaya ya kaɗa ƙuri'a, ya zama doka ko bai zama ba, kuma wa zai biya? Wanda ya yabi mutum ko ya kushe shi bayan ya san waɗannan, ya yi magana da ilimi.

Allah ne Mafi sani.